Rariyar Gabas

Litinin, 8 ga Agusta 1994, da hantsi

Littafin nan na ofis ne. An ba ni shi don in riƙa rubuta yawan ruwan da ya sauka a ma'aunin da ke bayan ofishinmu na malaman gona a nan Jega. Jiya milimita tamanin da huɗu, tsakanin azahar da la'asar. Na rubuta wannan a shafin gaba kamar kullum. Sauran abin da ya faru jiya ba shi da gurbi a can, shi ya sa na juyo littafin ta baya.

Ɗakin Malam Maccido ya faɗi. Shi ne maƙwabcina ta gabas, katanga ɗaya ce tsakaninmu, tsoho ne da ke karantar da magidanta littattafai a zaurensa. Ruwa ya taru a tsakar gidansa har gwiwa, ya ci gindin bangon ƙasa, bangon ya zauna. Malam yana ciki yana ta ɗaga littattafansa sama, azara ta faɗo masa a ƙafa. An sa shi a bayan a-kori-kura an kai shi Aliero wurin masu ɗori, matarsa Laraba ta bi su.

Gidana kuwa ruwa ko cikin ludayi bai kwana ba. Tun safe mutane ke shigowa suna yi mini barka, suna yaba daɓen simintina. Ina amsawa.

Inno, mahaifiyata, ba ta yi barka ba.

Litinin, bayan magariba

Matata Zinatu ta yi tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, irin wanda Inno ke so. Ta kai mata, ta dawo da kwanon yadda yake.

Talata, 9 ga Agusta, bayan la'asar

A watan Maris na sayi gidan nan, lokacin da zafi ke hana jaki kuka. Tun da aka yi sabuwar jiha aka dawo da mu daga Sakkwato, haya muke yi, ɗaki biyu a bayan kasuwa, kullum warin fata. Da Bala dillali ya kawo ni nan na ga fili, na ga inuwar darbejiya, na ga ɗakin da zan sa mahaifiyata, sai na ji zuciyata ta zauna. Na tambaye shi maganar ruwa, don kada a ce malamin gona bai tambaya ba. Ya dafa ƙirji ya ce, "Malam Waliyyu, ruwa bai taɓa kwana gidanga ba, in na yi ƙarya Allah shi tambaye ni." Na yi ta zaginsa a raina tun shekaranjiya, amma ban kama shi da ƙarya ba. Ruwa bai taɓa kwana a nan ba.

Na ɗauko Inno daga Giwa Tazo don ta gani kafin a ƙulla. Ni ɗan farinta ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma yi mini magana kai tsaye, sai dai ta faɗa wa matata ko ta faɗa wa bango in ji. Ranar ba ta leƙa ɗaki ko ɗaya ba. Gindin katanga ta bi tana dubawa har ta zagaye gidan, sannan ta ce, "Zinatu, gaya ma wancan, ba a sayen gida da bazara. Gida da damina aka ganin halinai." Na yi dariya. Na ce a gaya mata ni ne mai auna wa gwamnati ruwan sama.

Ni ne kuwa. Tamanin da huɗu.

Laraba, 10 ga Agusta, da safe

Mutanen unguwa sun yi mota guda sun tafi Aliero dubiya. Na ce ina da rahoton da zan kai Birnin Kebbi. Ban je ba. Birnin Kebbin ma ban je ba.

Laraba, da azahar

Baba nake ta tunawa. A Giwa Tazo, in ruwa ya ɗauke, ba ya bari ƙasa ta tsotse. Sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya fita ya bi ruwan tun daga bakin rumbu, ya ratsa tsakar gida, ya fita ta rariya, ya bi lungu har fadama. Inda ya ga ya tsaya, ya ɗan share masa da ƙafa. Inda ya ga yana cin gindin katangar wani, ya yi sallama ya faɗa wa mai gidan. Mukan yi masa dariya, mu ce Baba ya tafi rakiya. Shi kuwa cewa yake, "Ruwa baƙo na. Ba a hana mai hanya, sai dai a raka shi." Ya dawo ƙafa duk taɓo, Inno ta miƙa masa buta ba tare da ta dube shi ba, ƙanshin ƙasa da hayaƙin kara sun cika gidan. Gidan ƙasa ne, kakana ya gina shi, har yau yana tsaye.

Ina kewar mutumin nan yau fiye da ranar da muka binne shi. Amma da yana raye ban san da wane ido zan dube shi ba.

Alhamis, 11 ga Agusta

Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta watsa shi. Alhamdu lillahi. Malamin gona yana murna ruwa bai sauka ba.

Juma'a, 12 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

A ƙofar masallaci ana ta musu a kan abin da ya jawo. Wani ya ce sabuwar hanyar da aka ɗaga ce ta juyo da ruwa unguwa. Wani ya ce ginin ne ya tsufa. Liman ya ce ƙaddara. Sai aka juyo gare ni, wai ni ne mai ilimin abin. Na gyara tsayuwa na yi musu bayanin milimita, na ce ruwan da ya kamata ya sauka a mako biyu ne ya sauka a wuni ɗaya. Suka yi ta gyaɗa kai. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma tun da nake ban taɓa jin kaina maƙaryaci irin na yau ba.

An tsayar da gayya Asabar ta sama, ashirin ga wata, za a kwashe ɓaraguzan ɗakin Malam. Ƙasar da ta zube ta rufe gindin katangar da ke tsakaninmu daga ɓangarensa. In an kwashe za a ga gindin katangar.

Asabar, 13 ga Agusta, da hantsi

Bari in rubuta yadda gidan yake, ko don kaina. Unguwar nan gangare ce. Gidaje uku ne a sama da Malam, ruwan samansu yana sauka gidansa, nasa da nasu su shigo nan ta wata babbar rariya a katangar gabas, su ratsa tsakar gida, su fita ta rariyar yamma zuwa lungun da ya gangara gulbi. Haka na tarar. Rariya biyu, ta gabas har ɗan akuya yana iya ratsa ta.

Ta yamma tana nan.

Asabar, bayan la'asar

Hussaina ta zo, 'yar Malam da ke aure a Maiyama. Ta tono littattafan daga cikin laka, ta cika kwando biyu, ta yi sallama a gidana. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Malam, dud unguwagga gidanka ɗai ad da busasshen wuri. Ka yi muna alfarma mu shanya su bisa simintinka." Na ce ai gidan naku ne. Muryata ma ba ta yi rawa ba.

Yanzu tsakar gidana fal take da takardu. Ba bugun inji ba ne, rubutun hannu ne, wasu na mahaifin Malam, wasu na kakansa, warƙa-warƙa a cikin gafakar fata. Tawadar ta narke. A wasu ana ganin rabin layi, wasu sun koma toka-toka babu ko harafi. Inno da Zinatu da Hussaina suna ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya, suna danne kowace da tsakuwa. Inno ba ta iya karatu ba, amma sai da ta yi alwala kafin ta taɓa.

Hussaina ta ce ƙashin ya karye wuri biyu, an ɗaure da karare, tsufa ne abin tsoro. Ta ce yana ta tambayata. Da za ta tafi ta ce Allah ya saka mini da alheri, Allah ya ba su maƙwabta irina duniya da lahira. Inno ta tashi ta shige ɗaki.

Lahadi, 14 ga Agusta

Ban je ba.

Litinin, 15 ga Agusta, da yamma

Yayyafi, milimita shida. Mun kwashe takardun a guje. Na leƙa ta kan katanga, ruwan makon jiya har yanzu yana kwance a gidan Malam, ya yi kore, yana lasar gindin ɗakin Laraba, wanda shi kaɗai ya rage. Wani tamanin ɗin ba sai ya zo ba, arba'in ma ya isa.

Zinatu ta same ni a nan kan turmi ina leƙe. Ta ce a hankali, "Malam, har yaushe?" Na daka mata tsawa, na ce har yaushe me. Shekara tara muna tare, yau ne na fara yi mata tsawa a kan tambayar da na san amsarta.

Talata, 16 ga Agusta, bayan azahar

A watan Afrilu ne, da na kawo magini ya yi daɓe. A Sakkwato na ga gidajen manyan ma'aikata, tsakar gida sumul, a share a shimfiɗa tabarma. Irinsa na so wa Inno, bayan shekara sittin tana taka taɓo. Kajin Malam kuma suna ratsowa ta wurin suna ɓata mana shanya. Kuma, in faɗi gaskiya, raina bai so a ce gidan da na saya da gumina shi ne hanyar ruwan wasu ba.

Maginin ya tsaya a bakin rariyar da cebur a hannu ya ce, "Wagga hwa?" Na ba shi amsa. Ya sake cewa, "Malam, wagga ta gabas, ka tabbata?" Na ce shi aka ɗauko aiki ko ni. Bulo huɗu ta ci. Aka shafe da siminti, aka yi farar ƙasa, ko alama babu. Rana tana tsakiya, sama babu ko gajimare, damina kamar ba za ta taɓa zuwa ba.

To, na rubuta.

Laraba, 17 ga Agusta, da safe

Inno ta ɗaure kayanta. Ƙunshi ɗaya da buta da tabarma, an jingine a bakin ƙofa. Kwana tara ke nan ba ta ci tuwon gidan nan ba, sai furar da take aika a sayo mata da kuɗin ƙullin zanenta. Ta ce wa Zinatu, ina tsaye, "Gaya ma wancan a samo man mota ta Giwa Tazo. Gidan ƙasa niy saba da shi. Can in ruwa ya shigo, kowa ya san ta inda za shi hita."

Na ce, "Inno, don ke na yi daɓen nan."

Ta dubi bango ta ce, "Bango, ka ji. Don ni anka karya ƙahwar malami." Ta ce ranar da magini ya zo tana zaune tana kallo, ta san abin da ake yi, kunyar ɗan fari ta hana ta buɗe baki a gaban baƙo. Ta ce da ta san kunya za ta kai nan, da ta ajiye ta ranar.

Na roƙi Zinatu ta roƙa mini kwana biyu.

Alhamis, 18 ga Agusta, bayan la'asar

Na je.

Na hau babur ɗin ofis. Hanyar Aliero duk gero ya yi kai, kore har inda ido ya tsaya, rumfunan albasa a rufe da zana. Sau biyu ina tsayawa kamar zan duba taya.

Na same shi kwance a zauren mai ɗori, ƙafar a miƙe cikin karare, ya rame har gemunsa ya yi masa yawa. Laraba tana gefe tana yi masa fifita. Da ya gan ni ya yi murmushi ya ce, "Maƙwabci, sai yau? Nic ce ko gwamnati ta hana ka." Na durƙusa. Na shirya magana tun daga Jega, mai gabatarwa da dalilai, ko ɗaya ban tuna ba. Na ce, "Malam, ni na toshe rariyar gabas. Tun Afrilu. Ni na kayar maka da ɗaki."

Fifitar Laraba ta tsaya.

Ya ce, "Na sani." Ya ce ranar yana zaune a bayan katangar yana jin ƙarar cebur, har kajinsa suka zo suka yi cirko-cirko suka koma. "Nic ce baƙo na, bai san gari ba, bari damina ta matso in gaya mai. Damina ta matso. Kai kuwa kullum ga albasa ka aiko, ga gaisuwa, ga tsohuwarka tana ba iyalina kuka da daddawa. In buɗe baki in ce hwasa simintinka sabo? Nauyi niy ji. Ruwan farko da na biyu munka kwashe da ƙwarya ni da wagga, don kada ka ji." Laraba ta juya fuska tana share ido da bakin mayafi.

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun yana ƙarƙashin azara, don bai san ko zai fito ba, bai so ya tafi da kowa a wuya. Sannan ya ba ni labarin rariyar. Shi da marigayin da ya gina gidana suka fasa ta, suna samari, shekarar da aka yi wani babban ruwa. Da tulu suka gwada faɗinta, suka ce in tulu ya wuce, ruwan gida huɗu zai wuce. Kowace shekara kafin ruwan farko sukan haɗu a wurin, ɗaya ta nan ɗaya ta can, su share ta, su gaisa ta cikin ramin, su yi wa juna tsiya a kan wa ya fi tsufa. Shekara arba'in da wani abu. "Bana ɗai ban da wanda zan gaisa da shi," in ji shi, yana dariya.

Na tambayi littattafan, ko akwai wanda zai iya sake rubutawa da ka. Ya ce wasu. Na kakansa kuwa sun tafi.

Da zan tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Ka buɗe ta. Ba don ni ba, akwai gida ukku bisa gare ni." Na ce in ya dawo zai tarar da ita a buɗe. Ya saki hannuna. Laraba ce ta rako ni bakin ƙofa ta faɗa mini: mai ɗori ya ce ko ƙashin ya kama, ba za su ƙara iya zama su kaɗai ba. Hussaina za ta wuce da su Maiyama.

Juma'a, 19 ga Agusta

Na aro diga. Zinatu ta ce in fasa yau kafin kowa ya gani. Na ce gobe.

Asabar, 20 ga Agusta, da azahar

Mutanen gayya sun taru da hantsi, kusan ashirin, da kwanduna da cebur. Kafin a sa hannu na ce su shigo gidana tukuna. Na tsaya a gindin katangar gabas na faɗa musu abin da ke bayan farar ƙasar nan, da wanda ya sa aka yi, da watan da aka yi. Babu wanda ya zage ni, da ma sun zaga da ya fi mini sauƙi. Wani dattijo daga gidajen sama ya ce, "Ashe." Shi ke nan abin da aka ce. Bala dillali ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi.

Na ɗaga diga. Simintin ya yi ƙarfi, maginin ya iya aikinsa. Wani ya miƙo hannu zai karɓa, liman ya ce a bar ni. Da bulo na huɗu ya fita, suka kwashe ƙasar ta ɗaya ɓangaren, sai koren ruwan nan na kwana goma sha uku ya biyo, da wari, ya ratsa daɓena ya bar masa zane. Na durƙusa na leƙa ta ramin. Ana hango zauren Malam, buzunsa a rataye.

Lahadi, 21 ga Agusta

Su Malam sun wuce Maiyama yau daga Aliero, ba su biyo ta nan ba. Hussaina ta aiko a karɓar mata takardun da suka tsira. Kwando biyu suka zo, gafaka ɗaya ta koma.

Inno ta ci tuwo, loma kaɗan. Ƙunshin yana nan bakin ƙofa.

Talata, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Hamsin da ɗaya. Na rubuta a gaba.

Tun azahar ya tsuge. Muna zaune a baranda mu uku, muna kallon katangar gabas. Can sai ga shi ya shigo, ja, da ƙarfinsa, da ganyen darbejiya da karan dawa da wani tsohon murfin kwano, ruwan gida huɗu, ya ratsa tsakar gida ya fita ta yamma kamar bai taɓa fashi ba. Ɗakin Laraba yana tsaye. An sa wa ƙofar gidan Malam kwado. Duk wannan hanyar da na buɗe, ruwan gidan da babu kowa a cikinsa ne yake wucewa, kuma ba ni da wanda zan gaisar ta ramin. Na yi kuka a gaban matata da mahaifiyata, ban ɓoye ba.

Da ruwan ya tsagaita, Inno ta tashi ta shiga ɗaki da ƙunshinta. Ta fito da buta, ta cika ta a randa, ta ajiye a bakin ƙofa inda ƙunshin yake. Ba ta dubi Zinatu ba, ba ta dubi bango ba. Ni ta duba, shekarata arba'in da ɗaya a duniya.

Ta ce, "Waliyyu. Tashi ka raka shi."

Na tuɓe takalmi.